Ƙarin Fata Mai Dawowa: Daga Faris Zuwa Hanyar Gwarzo

A shekarar 1924 wasu likitocin fata biyu a Faransa, Jean Darier da Marcel Ferrand, suka yi bayanin wani ƙari mai tauri da ke fitowa a fata, galibi a ƙirji, baya ko kafaɗa. Yakan shekara da shekaru yana girma a hankali, sau da yawa ba zafi. In an yanke shi ya sake tsirowa. A 1925 Bajamushe Erich Hoffmann ya raɗa masa sunan da likitoci ke taƙaitawa da DFSP.

Abin da ya sa yake dawowa shi ne aka fara ganewa. Saiwoyinsa na ratsa kitsen da ke ƙarƙashin fata, nesa da inda ido ke gani, kamar ciyawar ƙiri-ƙiri da ake nomewa ta sake tohowa. Ba kasafai yake bazuwa zuwa huhu ko wasu sassan jiki ba, amma a inda ya zauna yana ɓarna. Musabbabinsa kuwa ya ɗauki fiye da shekara saba'in kafin a kai gare shi.

Daga binciken sankarar jini hanya ta buɗe. A 1960 aka ga wani gajeren kuromosom a jinin masu wani nau'in sankarar jini a birnin Filadelfiya na Amurka. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar gutsattsari, har ƙwayoyin gado biyu da ba ruwansu da juna suka manne. Sai masana suka shiga neman irin wannan mannewa a sauran cututtukan daji. A 1997 masu bincike na Faransa da Suwidin suka same ta a DFSP: ƙwayar gado COL1A1 ta kuromosom 17 ta haɗe da PDGFB ta kuromosom 22, ƙwayoyin fata suka riƙa samun umarnin hayayyafa ba tsayawa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ƙarin suna da wannan haɗi. Ba gadonsa ake yi daga iyaye ba. A cikin ƙarin kaɗai yake faruwa.

Daga nan tantancewa ta canza. Likita na duba tsokar a madubin gwaji, ya rina ta don neman alamar CD34, in da sauran shakka a nemi haɗin kansa ta gwajin FISH. A 2006 Amurka ta amince da maganin imatinib ga wanda ƙarinsa ya fi ƙarfin fiɗa. Maganin ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin a 2003 aka fara ba masu sankarar jini shi kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife.

Cutar DFSP ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Wani nazari da likitocin Kano suka buga a 2004 kan sankarar fata ya lissafa ta cikin waɗanda ake gani, bayan manyan nau'o'i biyu. Alƙaluman Amurka kuma sun nuna ta fi kama baƙar fata.

A nan ne tarihin ya iso ƙofar mutumin Kabo ko Gwarzo. A fatarmu ƙarin na kama da tabon da ya yi tudu, don haka sai a share shi, ko a kai wa wanzami, ko a ce ai daji ba ya son ƙarfe. Wani a cire masa a ɗakin shan magani, a binne tsokar, bayan shekara biyu ta dawo ta fi da. Duk ilimin da aka tara tun 1924 bai amfane shi ba, domin babu wanda ya duba abin da aka yanke. A ganina wannan asara ta fi rashin na'urar FISH ciwo, tunda madubin gwaji da masana tsoka suna nan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar da ba ta kai wuni ba.

Jama'a, duk ƙarin da aka cire, a roƙi likita ya sa shi a ruwan fomalin ya aika gwaji, a kuma koma a karɓi sakamako. Ƙarin da ya dawo bayan yanka, kada a bari a sake taɓa shi sai a babban asibiti.