Satar Gida: Ranar da Aka Cuce Mu da Ranar da Muka Yi Shiru

Kusan kowane mako sai an kawo mana ƙarar samarin unguwa, sun kaure da faɗa a gidan kallo a kan satar gida. To, bari mu tuna musu tarihi.

Dokar nan ba wahayi ba ce, mutane ne suka rubuta ta a Ingila a 1863. A 1866 aka ce lokacin da aka buga wa ɗan wasa ƙwallo, sai abokan hamayya uku sun kasance tsakaninsa da layin raga. A 1925 aka rage su zuwa biyu don a riƙa cin ƙwallaye da yawa. A 1990 aka ce wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya na ƙarshe bai yi sata ba. Duk wannan fa, mai ɗaga tuta ne zai auna shi cikin ƙiftawar ido, kuma ɗan Adam ajizi ne.

Mu da muke Agege a 2000 ba mu manta 13 ga Fabrairu ba, ranar wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Surulere. Muka tashi 2-2 da Kamaru, aka je bugun fenariti. Ƙwallon Victor Ikpeba ta daki ƙarfen sama ta tsallake layi, alƙali Mourad Daami ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Kamaru ta ɗauki kofi. Mun daɗe muna cewa Allah ya isa.

Sai ga 21 ga Yuni, 2014, a Kofin Duniya na Brazil. Edin Dzeko na Bosniya ya zura mana ƙwallo, aka ɗaga tuta wai satar gida. Da aka maimaita hoton, kowa ya ga bai yi sata ba. Odemwingie ya ci mana ɗaya, Bosniya ta fita, mu muka wuce zagaye na gaba. A daren nan wa ya ce an yi zalunci? Murna muka yi ta yi.

An kawo na'urar VAR Kofin Duniya a 2018, gardama ba ta ƙare ba, don na'ura ba ta maganin son rai.

Samari, a nan baƙi muke. Faɗan gidan kallo kan rikiɗe ya zama na ƙabila, a wayi gari an rufe shaguna. Kuma in an kira mu shaida tsakanin namu da maƙwabci, mu faɗi gaskiya ko a kan namu ta faɗa. Allah Ya sa mu dace.