Gandun Gadabeji: Daga Mariri Zuwa Raƙumin Dawa

Mafi yawan motocin da ke tsallaka iyaka a Magamar Jibiya, su bi ta Ɗan Issa, Maraɗi ce iyakarsu. A sauke kaya, a ɗora wasu, a juyo. Kaɗan ne ke zarcewa arewa zuwa Dakwaro, su haye kwarin Tarka inda gonakin gero ke ƙarewa, su shiga ƙasar makiyaya. A can, cikin gundumar Bermo, gandun namun daji na Gadabeji yake.

A 1955 Turawan Faransa suka keɓe hekta 76,000 na wannan daji, saura shekara 5 Nijar ta sami 'yanci. Babban abin da suke son karewa shi ne mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, tare da barewa da jimina. A takarda dokar mai tsauri ce: ba farauta, ba sara, ba noma. Sai dai tun kafin zuwan Bature dajin makiyayar Fulani Bororo ne da Buzaye, kuma sa hannun gwamna bai hana saniya jin yunwa ba.

Shekarun da suka biyo baya na asara ne. Bindiga da mota sun sauƙaƙa wa mafarauta, sannan farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Mariri ya ɓace, jimina ta bi shi, raƙumin dawa ma haka. Aka bar gandun da barewa, dila, yanyawa da jan biri. Abin da ya tsira shi ne dajin kansa: ba a mai da shi gonaki ba, ciyawa da itatuwa suna nan. A ganina wannan ce babbar nasarar Gadabeji, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Wanda ya san yadda dajin Rugu, nan kusa da Jibiya, ya koma maɓoyar 'yan bindiga, ya san keɓe daji daban, riƙe shi daban.

Gandun da ya fi kowanne girma a duniya yana arewa maso gabashin Girinlan, an kafa shi a 1974, kuma tsaronsa bai zo da rigimar kiwo ba, domin galibinsa ƙanƙara ce, babu ƙauye ko ɗaya a ciki. Gadabeji kuwa kewaye yake da rijiyoyi da garkuna. Dole ma'aikatan gandun daji suka koyi zama da makiyaya, musamman wajen yanka hanyoyin tare gobarar daji, wadda in ta tashi da kaka ba ta bambanta abincin barewa da na shanu. Wannan zaman ne hukumar UNESCO ta amince da shi a 2017, lokacin da ta sa Gadabeji cikin jerin wuraren da ake kare halittu tare da mutanen da ke rayuwa a cikinsu, da faɗin da ya haura hekta miliyan 1.4 in an haɗa da kewayen.

Sai kuma dawowar raƙumin dawa. Irin na Afirka ta Yamma ya ragu har ya kai 49 kacal a 1996, dukansu a yankin Kure kusa da Yamai. Da kulawa suka haura 600, amma taruwarsu wuri guda hatsari ne: annoba ɗaya ta isa. A Nuwamban 2018 gwamnatin Nijar da ƙungiyoyin kare namun daji suka ɗora 8 a manyan motoci, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, bayan kusan shekara 50 rabon dajin da su. An ƙara 4 a 2022, kuma sun fara haihuwa a can.

Masu zuwa kallo ne suka yi ƙaranci. Harin da aka kai Kure a Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ya tsorata baƙi. Iyakar Jibiya kuma an rufe ta a 2019, aka buɗe a 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Bakatsinen da ke son zuwa yau yana buƙatar mota mai jure rairayi, izinin hukumar gandun daji, ɗan jagora daga yankin, da ruwan sha isasshe.