Daga Hatimi Zuwa Kwamfuta

Tun kafin zuwan Turawa akwai masana lissafi a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya wallafa littafi bisa yadda ake jera lambobi cikin hatimi har jimlar kowane layi ta zo daidai. Da tawada da alƙalami ya yi aikinsa.

Cikin 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda cibiyar kwamfutarta ta ci sunan masanin lissafi Iya Abubakar. To, yau ɗan Dauran da ya tafi can karatu, kwamfuta na iya cika masa irin hatimin nan kafin ƙiftawa da bisimilla. Amma fa ran jarrabawa ƙa'idar za a tambaye shi, ita kuwa Malam Muhammadu ya bayyana ta tun 1732.