Ɗinkin Hula A Gida: Abin Da Mai Son Shiga Sana'ar A Kudu Ya Kamata Ta Sani

A cikin sana'o'in hannu da mace za ta iya yi tana zaune a ɗakinta, da wuya a samu wadda ta kai ɗinkin hula sauƙin jari. Allura ce, da zare, da ƙyallen farin yadi, sai haƙuri. Ba ta buƙatar shago, ba ta buƙatar wutar NEPA, ba ta cin fili, wanda kuwa duk mai zaman ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba ya san darajar fili. Sai dai kuɗin hula a hankali yake zuwa, kuma mata da yawa suna ɗinkin shekara da shekaru ba su taɓa zama sun lissafa ko riba suke ci ko wahala kawai suke sha ba.

Neman kuɗi daga cikin gida ba sabon abu ba ne ga matan Hausawa a Kurmi. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, kuma wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar ya fitar da littafi a kanta a 1969, ya bayyana yadda matan aure da ke cikin kulle suke gudanar da ciniki ta hannun yara. Abin da ya sauya yau shi ne waya ta karɓi aikin da yaran talla suke yi a da.

Yadda hula take fitowa

Hular hannu kashi biyu ce: kai, wato zagayen sama, da jiki, wato doguwar ƙyallen da ke zagaye kan mutum. Da farko mai zane ne yake fitar da zanen a kan yadi da biro, sannan mai ɗinki ta bi zanen da allura, ɗigo bayan ɗigo, har ta cike. Bayan nan a haɗa kai da jiki, a kai wa mai wankin hula ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a kan gungumen ice daidai girman kai, ya shanya, ya goge. Kin ga ke nan hula ɗaya takan bi ta hannun mutum uku ko huɗu, kuma kowa da nasa kason.

Nau'o'in suna da yawa, akwai kube, da damanga, da tangaran, da zanna bukar wadda ake danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko ɗan Borno. Sai hular Bama, wadda ta yi suna saboda ƙanƙantar ɗinki da tsafta. Bayan da 'yan Boko Haram suka kama garin Bama a watan Satumban 2014, mutanen garin da suka gudo Maiduguri da yawansu da wannan allurar suka riƙe kansu a sansanonin gudun hijira. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa sana'ar tana ciyarwa, amma kuma ya ƙara yawan hannayen da ke ɗinki.

Girman hula da inci ake aunawa, kuma yawancin manya suna tsakanin 21 da 24, har da rabi-rabi. Wannan awon shi ne abu na farko da za ki tambayi mai oda. Kada ki yarda da "kaina daidai da na wane ne". A ɗauko tef a zagaya kan, ko a auna tsohuwar hular da yake sawa. Rabin inci ya isa ya mayar da aikin wata guda abin da ba mai saye.

Hanya uku ta cin kuɗinta

Hanya ta farko ita ce ƙwadago. Wani ɗan kasuwa ne zai kawo yadi zananne da zare, ki ɗinka, ya biya ki ladan hannu. Ba ki sa ko kwabo ba, ba ki da asara, amma nan ne kuɗin ya fi ƙanƙanta, domin shi ne zai sayar ya ci ribar. Ga mai koyo hanya ce mai kyau, da zaren wani za ki gyara hannunki.

Ta biyu, ki sayi kayanki, ki ɗinka, ki nemi mai saye. Ta uku kuma, wadda a ganina ita ce ta fi dacewa da mazauna Kudu, ita ce oda: mutum ya zaɓi zane da launi, ya ba da kafin alƙalami, sannan ki ɗora allura. Dalili shi ne a Kano ko Maiduguri mai saye yana da zaɓi ɗari, ya shiga Kasuwar Kurmi ya taya nan ya taya can. A Fatakwal ko Anaca ko Kalaba ba haka ba ne. Ɗan canji, da dillalin shanu, da mai gwal, da ango mai neman hular da za ta shiga da shaddarsa, duk suna da kuɗin saye, abin da ba su da shi shi ne wanda zai yi musu daidai yadda suke so ba tare da sun jira mai zuwa gida ba. Ga kuma 'yan siyasar Yarbawa da Inyamurai da kan nemi hular Hausa idan kakar zaɓe ta zo. Wannan giɓin shi ne kasuwarki.

To amma a yi lissafi. A ɗauka, misali kawai, kin sayi yadi da zane da zare a kan naira 6,000, wanki da haɗi ya ci 1,500, kin sayar 20,000. Sai ki ce kin ci ribar 12,500. Idan hular ta ɗauke ki mako uku, kina ba ta awa uku kullum tsakanin girki da hidimar yara, awa 63 ke nan, wato abin da ya shigo bai kai naira 200 a awa ɗaya ba. Ba wai a fasa ba ne, domin lokacin da ake ɗinkin da ma na zaman hira ne. Amma wadda ta san wannan lissafin ba za ta bari a taya mata hula kamar ana taya tumatir a Mile 12 da yamma ba, kuma ba za ta ajiye sana'ar abinci mai kawo kuɗi kullum ta koma hula kacokan ba. Hula ƙari ce a kan wata sana'a, sai in kin kai matsayin da kike raba wa wasu mata aiki kina biyan su.

Kuma kada ki yi gasa da hular inji. Waɗanda ake bugawa a kamfani suna cika kasuwa da araha, ba za ki taɓa kai su sauƙin farashi ba. Mai sayen ta hannu ya san abin da yake nema, zai juya cikinta ya duba ƙullin zare da yadda ɗigon ya jeru.

Damina da zare

Abin da ba a faɗa wa sabbin zuwa shi ne iskar Kudu ba irin ta gida ba ce. A Legas ana ruwa tun daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ko ba ruwa iskar a jiƙe take. Hular da aka sa wa sitaci aka tura cikin leda ba ta gama bushewa ba, kwana kaɗan za ta yi fumfuna da baƙin ɗigo-ɗigo, wanda sau da yawa ba ya fita. Allura ma tana tsatsa ta ɓata farin yadi idan aka bar ta a soke. Ki zare allura duk lokacin da kika tashi, ki naɗe aikin a cikin tsumma mai tsabta, ki ajiye a sama nesa da bango. Ki wanke hannu kafin ki ɗauka, musamman bayan girkin manja, don tabonsa ba ya jin magani.

Zare kuma a gwada shi tukuna. Ki yanki ɗan guntu ki jiƙa da ruwan omo, ki matse a farin ƙyalle. In ya zuba, to zai zuba a hannun mai wanki, ja ya shiga fari, kuma a lokacin ba mai ɗaukar asarar sai ke. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a tsakiyar 2023, kuɗin zare da na mota duk sun haura, shi ya sa ya fi kyau mata uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi saƙo ɗaya daga Kano ta hannun direban da aka sani, maimakon kowa ta biya kuɗin saƙo ita kaɗai. A sayi isasshen zare na launi ɗaya a lokaci guda, don wanda za a ƙaro daga baya ba lallai ya zo iri ɗaya ba.

Wajen sayarwa da karɓar kuɗi

Babban abokin cinikinki shi ne mai wankin hula na unguwa. Duk wani mai sa hula a Sabo ko Shagamu ko Ama Hausa ta Owerri ta gabansa yake bi, ya san girman kan kowa, ya san wanda ke biya da wanda ke ja. Ku yi magana a fili kan kasonsa tun kafin ki ba shi, a kuma rubuta. Maigida ko ƙane zai iya nuna ta a bakin masallaci ranar Juma'a. A WhatsApp kuma hoto ne ke sayarwa: a ɗauka da rana a inuwa, a kan gungume ko kwano, har da na kusa da ke nuna ɗinkin.

Lokacin kasuwa sananne ne, Ƙaramar Sallah da Babba, da Mauludi, da bukukuwan aure. Wadda take son cinikin Ƙaramar Sallah tun watan Rajab za ta fara, domin a cikin azumi ga aikin buɗa-baki ga masu wanki sun cika da aiki. Kada ki karɓi odar da ta fi ƙarfin idonki. Ɗinkin dare da hasken tocilan waya yana cin ido, ga ciwon baya da wuya.

Batun kuɗi, kafin alƙalami ya kai aƙalla abin da zai biya kayan aiki, sauran kuma a cika kafin hula ta bar hannunki. In an ce an tura ta banki, kada ki tsaya kan hoton rasit ko saƙon tes, ki buɗe asusunki na OPay ko Moniepoint ko bankin da kike amfani da shi ki ga kuɗin da idonki, saboda alat na bogi ya yi yawa. Bashin 'yan uwa da na abokan maigida shi ya fi kashe wannan sana'ar, don kunya ba ta bari a je tambaya. Wasu matan sukan ce kayan na ƙungiya ne ba nasu su kaɗai ba, kuma idan da gaske kun haɗa kuɗin zare ku huɗu, ai ba ƙarya aka yi ba.