Ƙasusuwan Dabbobi da Tarihin Cimaka a Arewacin Damargu

Wanda ya san Belbeji da Tanut a yau ya san ƙasa ce ta gero da kiwo, inda ruwa yake da wuyar samu. Ko a 1851, da Heinrich Barth ya ratsa Damargu, ya tarar ita ke ciyar da Abzin da hatsi. Amma ƙasusuwan dabbobin da masana suka tono a cikin hamada, arewa da Damargu, sun nuna cewa mutanen da suka riga mu zama a wannan shiyya da kifi suka fara rayuwa, tun kafin a san noma.

Babbar shaida ta fito ne daga Gobero, wani kufai a gefen Tenere, arewa maso gabas da Tanut. Ayarin Paul Sereno ne ya gano wurin a 2000, aka yi tono a 2005 da 2006, aka iske kaburbura kimanin 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Al'umma ta farko ta zauna nan daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa. An sami ƙasusuwan giwan ruwa manya-manya, da na kada da dorina, tare da zago da ƙugiyoyi na ƙashi. Giwan ruwa ba ya girma haka sai a ruwa mai zurfi, don haka ƙashinsa ya bayyana abincin mutanen da kuma girman tafkin.

Daga nan fari ya kori mutane har wajen shekara 1000. Al'umma ta biyu ta zo wajen 5200, ta zauna har zuwa 2500. Jujinta cike yake da ƙayar tarwaɗa da karfasa, da ɓawon kififfiya, da ƙasusuwan namun daji. Wato ruwan ya ja baya, sai kifin da ke jure taɓo. Ƙasusuwan shanu kuwa kaɗan ne, ko da yake an san shanun gida a wannan zamani, domin a 1970 ayarin Desmond Clark ya tono ƙwarangwal ɗin saniya kusan cikakke a Adrar Bus, arewa maso gabashin Abzin.

A nan ya kamata mai bincike ya yi hattara. Ƙarancin ƙashin saniya a juji ba ya nufin ƙarancin shanu, saboda makiyayi bai cika yanka dabbarsa ba, nono yake sha, nono kuwa ba ya barin ƙashi. A 2012 ne aka ba da labarin samun maiƙon nono a jikin tsingaron tukwane na Takarkori, a kudancin Libiya, masu kimanin shekara 7000. Haka ma gero: ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun nomansa sawun ƙwayarsa ce a jikin tukwane, a kwarin Tilemsi na Mali, wajen 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan fura da nono, abincin Badamarge na kullum, su ne ƙashi ya fi ɓoyewa, sai tukunya ta tona.

Ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, wannan darasi ne da za a iya rubutawa da Hausa tsantsa. Makiyayin Belbeji ya fi malamin aji bambanta ƙashin akuya da na barewa. In aka karantar da shi tarihi ta wannan hanya, zai san darajar kufai, ya daina barin a kwashe abin da iska ta tone.