Daga Wuya Zuwa Ƙasa Babu Shiga

A birnin Shanghai na shekarun 1920, yaron da ba shi da kuɗin sayen littafi ba ya rasa abin karantawa. A bakin titi akwai masu ba da haya, da 'yan kantocinsu na katako da benci, sun jera wasu ƙananan littattafai da ba su wuce tafin hannu ba. Kowane shafi zane ɗaya ne, da layi biyu ko uku na bayani a ƙasansa. Ka miƙa ɗan canjinka, ka zauna ka karanta, ka mayar. Sunansu lianhuanhua. Masu zanen ba su cika ƙagar labari da kansu ba. Tsofaffin littattafai da wasannin dandamali suke ɗauka su mayar da su hoto, irin labarin Sarkin Birai da na Masarautu Uku, don amfanin 'yan dako da leburori da yaran da karatunsu bai yi nisa ba.

Ke nan tun fil azal haka sana'ar take a ƙasar Sin: marubuci a gaba, mai zane na biye da shi. Kuma tun fil azal idon hukuma ya fi saurin sauka kan hoton, domin shi ne yake isa ga talaka da yaro. A 1955 gwamnatin Kwaminisanci ta ba da umarnin a kawar da littattafan da ta kira na maƙiya juyin juya hali, da na batsa, da na shirme, aka bi rumfunan haya ana kwashe tsoffin kaya. Amma ba kashe sana'ar aka yi ba, karɓe ta aka yi. Maɗaba'ar gwamnati da ke Shanghai ta fitar da labarin Masarautu Uku cikin littattafan zane 60 tsakanin 1957 da 1961, aikin da har yau ake yabonsa.

Abin da ya faru a watan Agusta na 1979 ya fi jan hankalina. Mujallar Lianhuan Huabao ta buga zanen wani gajeren labari mai suna Feng, na marubuci Zheng Yi, kan saurayi da budurwa da suka faɗa ɓangarori biyu masu yaƙar juna a zamanin Juyin Al'adu. Labarin ya riga ya fito a jarida, ba wanda ya hana shi. Da samari uku, Chen Yiming da Liu Yulian da Li Bin, suka zana shi, har suka sa fuskokin Lin Biao da Jiang Qing, manyan jagororin wancan juyi, a matsayin mutane ba dodanni ba, sai umarni ya zo a dakatar da sayar da mujallar. Editoci suka yi tsayin daka, aka janye umarnin. Rubutu ya wuce lafiya, zanensa ne ya taka sawun ɓarawo.

Talabijin da littattafan zanen Japan suka durƙusar da lianhuanhua kafin ƙarshen shekarun 1980. Abin da ya dawo da sana'ar ya biyo ta wata hanya da ba wanda ya zata. A 1997 aka buɗe shafin adabi na Rongshuxia. A 1998 wani ɗalibin jami'a a Taiwan mai laƙabin Pizi Cai ya riƙa sakin labarin soyayya gutsure-gutsure a intanet, matasa suka yi ta yaɗa shi har babban yankin Sin. Sai dai a ganina ranar haihuwar sana'ar ta gaskiya tana cikin 2003, lokacin da shafin Qidian, mai shekara ɗaya da kafuwa, ya yanke farashi: babobin farko kyauta, sauran kuwa fen 2 kan kowane haruffa 1,000, alhali fen 100 ne yuwan ɗaya. Wanda ya san yadda marubutanmu na WhatsApp suke ba da shafukan farko kyauta sannan su ce a biya kafin a shiga rukunin ci gaba, ya riga ya gane tsarin.

Wannan ɗan ƙaramin farashi ya sauya siffar labari gaba ɗaya. Tunda da tsawo ake biya, labari ya miƙe. Tunda mai karatu zai iya guduwa gobe, dole kullum a saki babi, kuma kowane babi ya tsaya a inda rai zai biya. Doupo Cangqiong, wanda Tiancan Tudou ya rubuta daga 2009 zuwa 2011, ya haura haruffa miliyan 5. Labarin wani yaro ne da aka raina, ya rasa baiwarsa, budurwar da aka yi masa baiko da ita ta zo har gida ta warware alkawari, shi kuwa ya yi ta hawa matakan ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ce adabi ne mai zurfi ba. Amma irin wannan labari kamar don mai zane aka yi shi: ga faɗa, ga wuta, ga abokin gaba sabo kowane mako. Mujallar Zhiyin Manke ta birnin Wuhan ta gane haka, ta ɗauki wannan da Douluo Dalu na Tang Jia San Shao ta mayar da su zane mai launi, 'yan makaranta suka yi ta rububi.

Daga nan manyan 'yan kasuwa suka shigo. Shanda ta sayi Qidian a 2004, Tencent ta haɗa shi cikin kamfanin China Literature a 2015, kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong a 2017. Chen Anni ta kafa manhajar Kuaikan a 2014, inda ake jan zane daga sama zuwa ƙasa da babban yatsa. Aka samu tsani: labari, sai zane, sai katun mai motsi, sai wasan kwaikwayo, sai wasan kwamfuta. Zane shi ne matakin gwaji mai araha. In ya karɓu, a zuba kuɗi a na gaba. Masu karanta adabin intanet a Sin sun wuce miliyan 500.

To amma kowane mataki na tsanin nan yana da nasa mai gadi, kuma na sama ya fi na ƙasa tsanani. A 2011 hukumar talabijin ta nuna rashin amincewa da wasannin da jarumi yake komawa zamanin da. A 2015 ma'aikatar al'adu ta haramta katun da zanen Japan 38, har da Death Note da Attack on Titan. Fatalwa, jini, siyasa, jami'in gwamnati mai cin hanci, duk wurare ne da ake taka su a hankali. Ni da nake bin waɗannan zane-zane a waya cikin fassarar Turanci, na saba da alamun almakashi: wani farin haske da ke rufe rabin hoto ba gaira ba dalili, jinin da ya koma baƙi, hannun riga da ya tare fuskoki biyu daidai inda labari ya ce sun haɗu.

Inda abin ya fi tsanani shi ne shafin Jinjiang, wanda aka kafa a 2003, mafi yawan marubutansa da masu karatunsa mata. Can ne cibiyar danmei, wato labarun soyayya tsakanin namiji da namiji, waɗanda galibi mata ke rubuta wa mata. Na san mai karatu a nan ba zai ga abin tausayi a wannan fanni ba, kuma ba tallarsa na zo yi ba. Abin dubawa shi ne yadda hukuma da kamfanoni suka raba aikin a tsakaninsu. A 2014 aka ƙaddamar da gangamin tsabtace intanet. Jinjiang ya sauya wa sashen suna zuwa "tsarkakakkiyar soyayya", ya kafa wa kowa da kowa dokar da marubuta ke kira da sunanta har yau: kada a siffanta komai daga wuya zuwa ƙasa. Na'urar tacewa ta riƙa maye kalmomin da aka hana da 'yan akwatuna, har jimlar da ba ruwanta takan fito da ɓuraguzai saboda haruffa biyu sun yi maƙwabtaka sun ba da wata ma'ana. Babin da aka kulle, marubuciya ce za ta yi ta gyara tana sake miƙawa, ba tare da an gaya mata ainihin layin da ta tsallake ba.

Cikin wannan yanayi Mo Xiang Tong Xiu ta saki Mo Dao Zu Shi a Jinjiang daga 2015 zuwa 2016. Zanensa ya fara fitowa a Kuaikan a ƙarshen 2017, katun a 2018, sai wasan The Untamed a 2019, wanda ya ɗaga Xiao Zhan da Wang Yibo zuwa taurari. A kowane mataki ana rage soyayyar, har a wasan ta koma amintaka tsakanin jarumai biyu. Masu kallo, cikin ba'a, suna kiran irin wannan "'yan'uwantakar gurguzu". Kowa ya san abin da aka ɓoye, da shi ma ake tallar, amma ba wanda ya furta. Tencent ta ci riba mai tsoka.

A tsakiyar wannan cin kasuwa, a watan Oktoba na 2018, wata kotu a Wuhu da ke lardin Anhui ta yanke wa marubuciya mai laƙabin Tianyi ɗaurin shekara 10 da wata 6. Ta buga littafinta da kanta, ta sayar da kwafe kusan 7,000, ta samu ribar yuwan 150,000. A Sin maɗaba'un da gwamnati ta amince da su kaɗai ke da lambar buga littafi, don haka wanda suka ƙi aikinsa ba shi da ƙofar halal. Ma'aunin da alƙali ya yi amfani da shi na 1998 ne, tun kafin intanet ta cika gari. Sinawa da yawa sun yi ta tambaya a dandalin sada zumunta na Weibo yadda littafi zai jawo ɗaurin da ya wuce na mai fyaɗe, wanda dokar ƙasar ta sa masa shekara 3 zuwa 10 in ba a sami abin da ya tsananta laifin ba. A 2019 wata mai laƙabin Shenhai ta sami shekara 4 a Wuhan kan laifin kasuwanci ba izini. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sauran ya zo da sauri. An dakatar da sassan Qidian da Jinjiang na ɗan lokaci a 2019. A 2020 aka toshe AO3, shafin ƙetare da masoya ke saka labaransu, aka kuma wajabta wa marubutan intanet rajista da sunansu na gaskiya. A watan Satumba na 2021 hukumar talabijin ta hana nuna mazan da ta ce sun yi kama da mata, wasannin danmei da aka riga aka gama ɗauka suka maƙale a kabad. A Disambar shekarar kuwa fassarar Turanci ta littattafan Mo Xiang Tong Xiu, wadda Seven Seas ta buga a Amurka, ta shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

Ɓarnar da ta fi damuna ba a kotu take ba. Marubucin da ya san babban kuɗi yana wajen sayar da haƙƙin zane da fim, tun a babi na ɗaya yake rubutu da tunanin mai gadin matakin ƙarshe. Zai kai labarin wata duniyar da ba ta da jam'iyya, ya ba fatalwa bayanin kimiyya, ya cire abin da ba a ma ce ya cire ba. Dokar da ba a fayyace ba ta fi wadda aka rubuta cin rubutu, don kowa zai tsaya nesa da inda yake zaton iyakar take.

Waɗanda ba su iya wannan kame-kamen ba suka koma Haitang, shafin manya da ke da mazauni a Taiwan, suna zaton sun fita daga hurumin hukuma. Amma kuɗin masu karatu ta asusun bankin cikin gida yake shigo musu. A tsakiyar 2024 'yan sandan gundumar Jixi ta lardin Anhui suka fara kama su daga larduna daban-daban, fitacciyarsu mai laƙabin Yun Jian ta sami shekara 4 da wata 6. A 2025 'yan sandan Lanzhou suka ɗora, suka kira gomman marubuta, yawancinsu 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai, wasu ɗalibai ne da ba su sami abin kirki ba. A nan da yawan dannawar masu karatu ake auna girman laifi, ba da riba kaɗai ba. Mayar da kuɗin da aka samu yana rage hukunci, shi ya sa wasu suka koma roƙon masu karatunsu su taimaka musu su biya. Lauyoyi sun fito a Weibo sun yi tayin kare su kyauta, kuma da yawa daga bayanan da 'yan matan suka rubuta kan abin da ya same su an goge su cikin 'yan kwanaki.