Iccen Tenere biyu: na gaske a Yamai, na ƙarhe a hamada

Da yawa cikinmu in munka je Yamai, daga tasha sai asibiti ko biron wani minista, sai gida. Kaɗan ne ke ratsawa ta muze, alhali ga shi nan kusa da gadar Kenedi.

An buɗe shi a 1959, shekara guda kafin 'yancin kai, kuma Pablo Toucet ne darektansa na farko. Daga baya anka sa mai sunan Bubu Hama, wanda ya riƙe majalisar dokoki har 1974. Ɗakunan na ƙasa ne, warwatse cikin fili, da zanen bango irin na maginan Hausa. Wanga tsari mun yaba shi, don dattijo mai sanda ya fi jin daɗin fili bisa ga hawan bene.

Abin da ya fi tsaya muna a rai shi ne iccen Tenere. Icce ne ɗaya tilo tsakiyar yashi, bisa hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. Madugai na kwana gindinsa, ba mai karya ko reshe don dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Duk faɗin hamadar nan fa! Anka kwaso gangar jikin anka kawo muze, anka gina mata rumfa. Can inda yake kuwa, sai anka kafa wani na ƙarhe. Wasu na cewa ba shi da kyau, mu ma ba mu ce yana da shi ba, amma matafiyi na hango shi ya san ya iso rijiya.

To mu nan fa? Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta ci tsohon birnin Maradi, gari ya hau tudu, shi ya sa tsofaffin gine-ginenmu ba su da yawa. Tambura, sulke da takubban zamanin Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, waɗanda sunka saura, suna hannun fada da zuri'a. Ɗan lakwal na Jiratawa sai dai ya ji labarinsu a rediyo. Maƙeranmu masu walda a bakin titi kuma, da ke maida tsohon ƙarhen mota kujera da ƙofa, ina ɗakin da za su aje abin da sunka ƙera don kallo kawai?